Daga Hallertau zuwa Žatec: Tafiya Cikin Gonakin Hof

Aikina da dawa yake. Na daɗe ina kai-komo tsakanin manoman Kano da Kaduna da wani kamfani da ke sayen dawarsu yana tsirar da ita don yin lemon malta, irin wanda ake raba wa baƙi a biki da suna. Duk wanda ya taɓa juya kwalbar irin wannan lemo ya karanta kayan haɗinsa, wataƙila ya ci karo da sunan wani tsiro a can ƙarshen jerin, wato hof. Shi ke ba lemon ɗan ɗacin nan da ke karya zaƙi don kada ya gundure ka. Shi ne kuma ginshiƙin giyar Turawa, abin da ni ba na sha, ba na kuma kusanta. Amma manomi manomi ne a ko'ina yake. Da kamfanin ya yanke shawarar tura babban injiniyansa Jamus ya zaɓo irin hof ɗin da za a ƙulla cinikinsa na shekaru masu zuwa, aka ce in raka shi in ga yadda manoman can suke sayar da amfanin gona tun kafin su shuka, sai na ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Injiniya mutumin Filato ne, Kirista, dattijo mai sanyin magana, kuma Hausarsa tsaf take. Tun yana saurayi ya koyi aikin dafa giya, ya kuma ga shekarar 1988 da idonsa, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, masana'antu suka koma kan dawarmu ala tilas. Yakan ce wannan dokar ce ta mai da farafara da kaura kayan masana'anta. Hof kuwa ba dokar da za ta sa ya yi albarka a ƙasarmu. Tsiro ne mai son doguwar rana da sanyin hunturu. A Kano yini da dare kusan kunnen doki suke duk shekara, alhali a kudancin Jamus hasken rana yakan kai awa 16 a watan Yuni. Masu bincike a jami'o'inmu sun gwada shuwaka da namijin goro a madadinsa, an kuma yi rubuce-rubuce, amma har yau jirgin ruwa ne ke kawo shi.

Batun biza da takardu ya ci lokacinsa ya wuce. Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a farkon Satumbar 2024, muka yada zango a Alƙahira, muka sauka Munich da hantsi. Filin jirgin yana wajen birni, dab da wani tsohon gari mai suna Freising, inda masana'antar Weihenstephan take a kan tudu, wadda ke cewa tun 1040 take aiki, kusa da sashen jami'a da ake koyar da wannan sana'a. Ba mu tsaya ba. Wani matashi daga ofishin dillalan hof ya ɗauke mu a mota muka nufi arewa, a kan hanyar da suke kira hanyar hof, wadda ta ratsa Au da Mainburg har zuwa Abensberg.

Ba mu yi nisa ba gonakin suka tare mana sararin sama. Ban taɓa ganin shuka ta hau sama haka ba. An kakkafa dirkoki masu tsawon mita 7, an ɗaure kawunansu da igiyoyin ƙarfe, daga can kuma wayoyi sun sauko ƙasa, kowace waya tsiron ya nannaɗe ta har ƙoli. Layi bayan layi, tudu bayan tudu, sai ka ga hasumiyar coci ta leƙo daga tsakiyar kore. Wannan ita ce Hallertau, yankin noman hof mafi girma a dunƙule a duniya, kadada wajen 17,000 a hannun iyalai da ba su kai dubu ba. Jamus kaɗai tana noma kusan kashi ɗaya cikin uku na hof ɗin duniya, kuma mafi yawansa daga nan yake fitowa. Hanyar ƙauye ce amma ba rami ko ɗaya, sai dai tafiyar ba ta sauri, domin taraktoci ne a gabanmu, kowace tana jan tirela shaƙe da yaɗon da aka tsinko. Na sauke gilashi. Wani ƙamshi mai kauri ya cika motar, tsakanin ɗanyen ganye da ƙaro, kuma bai rabu da hancina ba har muka bar yankin.

Masaukinmu wani gidan baƙi ne na iyali a wajen Wolnzach, ƙasa wurin cin abinci, sama ɗakuna. Yuro 75 kowane dare har da karin kumallo. A lokacin yuro ɗaya ta haura naira 1,500, don haka kwana ɗaya ya fi mafi ƙarancin albashin wata a gida. Mai gidan tsohuwa ce mai kuzari. Da Injiniya ya gaya mata ba na cin alade, ba na shan giya, sai ta tsaya ta yi tunani kamar mai lissafi, ta koma kicin. Daga ranar ta san abin da za ta ajiye mini: kifi, ko wata taliya gajera da suke murzawa da hannu su narka mata cuku su zuba soyayyar albasa, ko dankali da ƙwai. Har tukunya ta ware. Ban roƙe ta ba, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Sai dai karamcinsu ba irin namu ba ne, kuma Injiniya ya ja mini kunne tun a jirgi. "Malam, in an miƙo maka abu kana so, ka karɓa a karon farko. Nan ba a lallashin baƙo." Gaskiya ya faɗa. Kunyar da muke yi, mu ce alhamdu lillahi mun ƙoshi har sai mai gida ya rantse, a can ba ta da kasuwa. Ka ce a'a, an ɗauke kwano. Ruwan sha ma ba a kawo wa baƙo kyauta a gidan abinci, sai ka saya, ƙaramar kwalba wajen yuro 3, kuma in ba ka yi bayani ba mai gas za a kawo maka. Mu da baƙo ke tarar da ƙwaryar ruwa kafin a tambaye shi sunansa, wannan ya tsaya mini a rai. Kantuna suna rufewa da ƙarfe takwas na dare, ranar Lahadi kuwa ko allura ba ka samu sai a gidan mai ko tashar jirgi. Abin da ya fi mini sauƙi shi ne shagunan Turkawa, inda nake samun gurasa da yankakken nama na halal a kan yuro 7 a lokacin.

Gonar da muka fi daɗewa a cikinta ta wani magidanci ce da ya gaje ta daga kakanni. Mun same shi a tsakiyar kaka, idanunsa jajur don rashin barci. Tarakta tana shiga layi ta yanke yaɗon daga ƙasa ta fizgo shi daga sama, a kai shi wata babbar rumfa inda ma'aikata ke rataya kowane yaɗo a ƙugiya, inji ya tsefe shi, ya ware fure daga ganye da kara. Furen ɗan ƙunshi ne kore, bai wuce kan babban yatsa ba, mai ɓawo-ɓawo marar nauyi. Shi kaɗai ake nema. Kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma in aka bar shi a tare na 'yan awoyi zai yi zafi ya lalace, don haka nan take ake hawa da shi ɗakin busarwa, a hura masa iska mai zafin digiri sittin da ɗoriya har ruwan ya sauko wajen kashi 10. Dare da rana ake yi. Ma'aikatan yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Folan da Romaniya, kowa da doguwar riga duk da zafi, saboda jikin yaɗon ƙaiƙayi ne da shi, yana tsaga fata. Da azahar uwargida ta shimfiɗa abinci a dogon tebur, mai gona da ɗansa da 'yan ƙwadago da mu baƙi duk muka zauna a benci ɗaya.

Mai gonar ya ce suna da wata magana a yankin, wai hof yana son ganin ubangidansa kullum. Da bazara sai an rataya wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan a durƙusa a gindin kowane tsiro a zaɓi reshe biyu ko uku a naɗa su a waya da hannu, ta ɓangaren da agogo ke juyawa, a cire sauran. In ya samu yanayi yakan ƙaru da kusan ƙafa ɗaya a yini. Ga darɓa, ga fumfuna, ga wasu jajayen ƙwari ƙanana da ke zuwa da fari. Duk tsiron da ke gonar mace ce. Namiji ba a barinsa a yankin ko a bakin rafi, domin in ya yi barbara furen zai yi 'ya'ya, darajarsa ta faɗi. Ba a kuma shuka shi da ƙwaya, saiwa ake yanka a dasa, yadda muke dasa rake da rogo, saboda haka galibi tsiron da ke ɗauke da suna ɗaya a duniya asalinsa uwa ɗaya ce. Gindi ɗaya yakan yi shekara goma sha biyar ko ashirin yana ba da amfani. Manomin da ya zaɓi iri, ya zaɓa wa ɗansa ne.

A nan ne na fara fahimtar abin da ya kawo mu. Ya tsaya da mu a iyakar fage biyu. Na dama an riga an girbe shi tun ƙarshen Agusta, wayoyi kawai suka rage. Wannan shi ne Hallertauer Mittelfrüh, tsohon irin ƙasar, wanda kakanninsa suka sani. Na hagu kuwa yana nan tsaye, ya yi duhu don cika, sai tsakiyar Satumba za a taɓa shi. Sunansa Herkules, an fitar da shi a 2006, kuma yanzu ya fi kowane iri yawan fili a Jamus. A cikin kowane fure akwai wani gari rawaya mai danƙo, a cikinsa ne sinadarin ɗaci yake, wanda suke kira alfa, tare da man ƙamshi. Mittelfrüh yana ba da alfa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Herkules yakan kai 16. Ga shi kuma a kadada ɗaya yana ba da kusan ninki biyu na nauyi. In ɗaci kake saye, kadadar Herkules ɗaya ta yi maka aikin kadada bakwai ko takwas na tsohon iri. Sannan Mittelfrüh rago ne a gaban wani ciwon yaushi da ke zaune a cikin ƙasa, wanda ya kusa share shi daga yankin a shekarun 1970.

Na tambaye shi, to me ya sa bai tumɓuke shi ya huta ba? Ya yi murmushi ya ce akwai masu dafa giya da in ba shi ba, ba sa so, kuma sun sa hannu a takarda cewa za su saya na shekaru, a farashin da zai rufe masa asarar. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu, amma a nan na ga wanda ke biyan kuɗin ajiye tsohuwar zumar. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a duk tafiyar.

Injiniya ya yi mini bayanin sauran a hanya. Ɗacin ba ya fita sai an tafasa furen a ruwan tsiro na kimanin awa ɗaya, amma tafasar nan tana korar ƙamshi, domin man yana bin tururi. Shi ya sa mai dafawa yake raba hof ɗinsa: mai ɗaci ya shiga tukunya da wuri, mai ƙamshi ya shiga dab da saukewa, wasu ma sai abin ya huce suke zubawa. Zaɓin ke nan a taƙaice, kuma tsakanin gefen biyu akwai irinsu Perle, wanda aka fitar a 1978, da Hallertauer Tradition, masu ƙamshi kusa da na gargajiya amma da juriyar ciwo. Ya ƙara da cewa tun asali ba don daɗi kaɗai aka rungumi hof ba, yana hana ruwan yin tsami. Burkutun da ake yi a ƙauyukansu, wanda ba hof a cikinsa, kwana kaɗan yake yi ya lalace.

Mun leƙa gidan tarihin hof na Wolnzach, inda aka ajiye tsofaffin kwanduna da hotunan dubban mutanen da ke zuwa tsinka da hannu kafin injuna su karɓe aikin a wajen shekarun 1960. Daga nan muka wuce Hüll, ƙauye ne da ba ka iya kiransa gari, amma nan cibiyar binciken hof take tun 1926. An kafa ta ne lokacin da wata fumfuna ta afka wa gonaki, kuma masu masana'antar giya ne suka haɗa kuɗi suka tayar da ita, daga baya gwamnatin jihar Bavariya ta shigo. Magnum, Perle, Herkules duk daga nan suka fito. Daga barbara zuwa fitar da sabon iri akan shafe fiye da shekara goma, ana farawa da dubban tsirrai a watsar da kusan duka. A 2012 suka fitar da Mandarina Bavaria da Hüll Melon da Hallertau Blanc don su amsa kiran kasuwar da Amurkawa suka buɗe da irinsu mai suna Cascade, wanda ya fito a 1972 ya koya wa mashaya son ƙamshin 'ya'yan itace. Ina tsaye a wurin, Samaru ce ta faɗo mini a rai. Cibiyar binciken noma ta Zariya da ke can ta fitar da irin dawa masu yawa, masananta kuma ba su gaza na ko'ina ba. Abin da na gani a Hüll shi ne mai saye yana zaune tare da mai bincike tun ranar farko, da kuɗinsa da hancinsa.

Ranar Juma'a muka shiga Ingolstadt, na yi salla a wani masallacin Turkawa, Injiniya yana jirana a bakin kogin Danube. A wannan gari ne a 1516 sarakunan Bavariya suka kafa dokar da ta ce ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hof. Wata fa'idar dokar ita ce ta tsare alkama don masu gasa burodi.

Ranar zaɓe ta zo a ofishin dillalan. Ɗaki ne fari mai manyan tagogi, an jera samfura a dogon tebur, kowanne a kan shuɗiyar takarda da lamba. An roƙe mu tun daren jiya kada kowa ya shafa turare. Injiniya ya naɗe hannun riga, ya ɗebi fure cikin tafi, ya fara tsaga ɗaya ya duba garin cikinsa a hasken taga. In rawaya ne mai haske, lafiya. In ya koma ruwan ƙasa, an ƙona shi a busarwa ko ya tsufa. Sannan ya murza sauran tsakanin tafukansa da ƙarfi har suka yi ɗumi suka yi danƙo, ya kifa hannuwan a hanci, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Ya rubuta wani abu, ya matsa gaba. Wani samfurin ko minti bai yi a kansa ba ya ture, ya ce warin tafarnuwa yake, an makara wajen girbi.

"Malam, zo ka gwada. Shinshina ba sha ba ce."

Na murza. Mittelfrüh ƙamshinsa a hankali yake zuwa, na busasshiyar ciyawa mai tsabta da ɗan yaji a bayansa. Herkules ya doki hancina kai tsaye, ƙaro da barkono. Mandarina kuwa ɓawon lemon zaƙi ne sak, har na sake duba takardar ko an zuba wani abu. Abin mamaki, samfura biyu na Perle daga gonaki daban ba su yi kama ba sam. Danƙon bai bar tafina ba sai da na wanke da mai.

Hancina ya zaɓi tsohon iri, amma lissafin Injiniya daban yake, kuma na ga gaskiyarsa. Kayansa za su yi makonni a teku, su yi wasu a tashar Legas cikin zafi, su hau babbar mota, su sauka a ma'ajiyar da wuta ke ɗaukewa. Busasshen fure ba zai kai labari ba. Wanda aka niƙa aka dunƙule ƙanana kamar abincin kifi yana buƙatar sanyi. Abin da ke jure wahala shi ne wanda aka tatse aka zuba a gwangwani, kuma irin masu alfa da yawa ake tatsa. Lemon malta ɗaci kaɗan yake nema, mai tsabta, marar ƙamshin da zai yi faɗa da na gasasshen tsiro. Dillalin ya so ya tura masa Perle da yawa, domin a shekarar kaya sun yi yawa a kasuwa, shan giya yana raguwa a Turai, farashin wanda ba shi da kwantaragi ya faɗi ƙasa da kuɗin nomansa, har wasu manoma suna shirin tumɓuke gonaki. Injiniya ya ce zai yi tunani. Na lura da yadda dillalin ya yi ta nuna mana alƙaluman giya marar sa maye, wadda ta kusa kai kashi ɗaya cikin goma na giyar da Jamusawa ke sha. A dokarsu irin wannan tana iya ɗaukar ɗan burbushin barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don haka ni dai ruwan tuffa na riƙe.

Kafin ya sa hannu, Injiniya ya ce sai ya ga Žatec, ko don ya cika burin ƙuruciya. Muka hau jirgin ƙasa daga Regensburg muka tsallaka Jamhuriyar Cek, ba wanda ya tsayar da mu a iyaka. Muka sauka Plzeň, garin da a 1842 wani Bajamushe mai suna Josef Groll ya dafa giyar nan mai haske da yawancin giyar kwalba ta duniya ke kwaikwayo, da hof ɗin Žatec ya yi ta. Daga nan wani ƙaramin jirgi ya ɗauke mu zuwa arewa, yana ratsa dazuzzuka da ƙananan tashoshi. Kuɗinsu koruna ne, wajen 25 a yuro ɗaya a lokacin, kuma aljihu ya ɗan numfasa: ɗakin da muka kama bai kai na Jamus tsada ba, farantin soyayyen cuku da dankali kuma kusan rabin kuɗin abincin Bavariya. A gidajen abinci giya takan fi ruwan kwalba araha. Na samu mafita a wani baƙin lemo nasu mai suna Kofola, da kuma kantunan 'yan Biyetnam da ke kaiwa dare a buɗe.

Žatec ƙaramin gari ne a kan tudu a bakin kogin Ohře, kuma abin da ka fara gani daga nesa dogayen bututun hayaƙi ne birjik, alhali ba masana'anta a ƙarƙashinsu. Na tsofaffin rumbunan hof ne, inda a da ake turara shi da farar wuta kafin a danna a buhu a buga masa hatimin gari. A 2023 hukumar UNESCO ta sa garin da gonakin kewayensa cikin wuraren tarihi na duniya. Har a dandalin tsakiyar gari an kafa 'yan dirkoki an shuka hof. Mun tarar an gama girbi, an kuma yi bikin kaka an watse, gonaki sun zama wayoyi da dirkoki. Wannan ya ba ni damar ganin ƙasar sosai. Ja ce, jan da ya tuna mini da jar ƙasar wajen Zariya, kuma duwatsun da ke yamma da arewa suna tare ruwan sama, yankin yana cikin mafi ƙarancin ruwa a ƙasar.

A nan zaɓi bai da yawa, kuma da gangan ne. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na gonakin hof na ƙasar iri ɗaya ne, wanda duniya ta sani da Saaz, mai alfa wajen kashi 3 zuwa 4, mai ƙarancin amfani a kadada. Wani masani mai suna Karel Osvald ne ya tace shi a farkon rabin ƙarni na ashirin, har yau zaɓinsa ake dasawa. Wani tsohon manomi da ya zagaya da mu, ɗansa yana fassara, ya ce Japanawa suna zuwa har gonarsa su murza su shinshina. Ya kuma ce zafi yana cinye su. Shekarar 2022 ta yi musu mugun ɓarna, a nan da Jamus duka, domin tsofaffin irin nan in zafi ya yi yawa ruwa ya yi ƙaranci, nauyi ya ragu, alfa ma ta ragu. Ya nuna mini bututun ban-ruwa na ɗigo da ya rataya a saman wayoyi, ya ce ubansa bai taɓa buƙatarsa ba.

Sai ya juyo da tambayar kaina. Me muke nomawa, kuma iri nawa ne? Na lissafa masa kaura da farafara da sauran dawar da kowane yanki ke da tasa, wata ta tuwo, wata ta kunu, wata mai jure fari, wata mai kara mai kyau don danni. Ya ce to in an kai kasuwa, yaya mai saye zai san daga wane gari buhu ya fito? Na ce a kasuwar Dawanau ɗan kasuwa yana ganewa da ido da haƙori, amma da zarar an juye a babbar mota, magana ta ƙare, dawa ta zama dawa. Ya girgiza kai. A wurinsu kowane ɗauri yana da lamba da ke nuna iri da gona da shekara, a Jamus ma haka, inda garin Spalt ya samu hatiminsa tun 1538. Ina da manoma a wajen Ikara da Tudun Wada da suka bar irin iyayensu saboda kamfani fara kawai yake so, kuma ba wanda ya taɓa ba su ko sisin kwabo don su ci gaba da ajiye ɗayar. Ba na ganin laifinsu, ni ne ma nake kai musu sabon irin. Amma tun daga wannan gona nake juya yadda za a rubuta kwantaragin da zai ware wa tsohuwar dawa ko da kadada kaɗan ne, da farashinta daban da sunan garinta a jikin buhu.

Injiniya ya sayi ƙaramin ƙunshin Saaz ya sa a jaka, ba don kamfani ba. A jirgin da ya kai mu Prag ya buɗe kwamfutarsa ya rubuta wa dillalin Wolnzach: tataccen Herkules a gwangwani, na shekara uku, da ɗan Tradition kaɗan na gwaji, da sharaɗin a turo shi a kwantena mai sanyi. Ni kuma na karɓi kwafin takardar kwantaragin da manomin Hallertau ya ba mu bayan ya goge alƙaluman kuɗi, na fara fassara sassanta zuwa Hausa don taron ƙungiyar manomanmu da za a yi bayan an yanke dawa.